Sudoku mai tsanani: na soke 7 da dabarar X-Wing, allon ya rushe. Ina kuskuren yake?

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Taimako nake nema a kan sudoku masu tsanani, irin na matakin ƙarshe. Don mu fahimci juna, zan kira layin kwance K, layin tsaye T. Idan na ce K2T3, ina nufin gurbin da ke layin kwance na 2, layin tsaye na 3. Akwatunan nan tara kuma a ƙirga su daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa.

Na rubuta 'yan takarar kowane gurbi da fensir, wato duk lambobin da za su iya zama a ciki. Na gama da gurabe masu ɗan takara ɗaya, na gama da tagwaye na fili da na ɓoye (lambobi biyu da suka taƙaita a gurabe biyu na layi ko akwati ɗaya), na duba lambobin da akwati ya tsare a layi ɗaya. Daga nan komai ya tsaya cik. Da na bi lamba 7, sai na ga a K2 gurabe biyu kacal take da su, T3 da T8. A K6 kuma tana T3, T8 da T9. Na ce wannan ai X-Wing ne, na soke 7 daga sauran guraben T3 da T8. Can gaba sai akwati na 7 ya rasa inda 7 za ta zauna.

Ina kuskuren yake? Bayan X-Wing wace dabara ya kamata mutum ya koya? Kuma shin akwai allon da dole sai an yi canki kafin a gama shi?

Malamin Lissafi:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kuskuren yana K6T9, gurbin nan na uku da ka kawar da kai daga gare shi.

Bari mu fara da dalilin da ya sa X-Wing ke aiki, domin wanda ya haddace siffa bai riƙe dalili ba, siffar ce za ta yaudare shi. Da a ce K6 ma gurabe biyu ne kawai, T3 da T8, to hanya biyu ce: ko 7 ta zauna a K2T3 da K6T8, ko ta zauna a K2T8 da K6T3. Ta kowace hanya T3 ya samu 7 ɗinsa daga ɗayan layukan nan biyu, T8 ma haka. Shi ya sa ake soke 7 daga sauran guraben layukan tsayen biyu. Sharaɗin shi ne gurabe biyu a nan, biyu a can, babu na uku.

Naka yana da jela. Idan jelar nan K6T9 ce ke riƙe da 7, to K6T3 ba 7 ba ce, kuma babu abin da ya hana K2 ta ajiye tata a T8. Ka ga T3 bai samu komai daga layukan biyu ba, 7 ɗinsa tana can wani wuri, mai yiwuwa a akwati na 7 inda ka soke ta. Abin da ya rusa maka allo ke nan.

Amma siffar da ka gano ba banza ba ce, kuma idonka ya yi kyau da ya gan ta. X-Wing mai jela ana cin moriyarsa, sai dai ribar ƙarama ce. Yi lissafin ta fuska biyu. In jelar ba 7 ba ce, X-Wing ya cika, 7 ta fita daga sauran guraben T8. In jelar ce 7, to 7 ta fita daga sauran guraben akwati na 6, tunda K6T9 a ciki take. Gurbin da duka fuskokin biyu suka kora shi ne wanda ke T8 kuma yake cikin akwati na 6, wato K4T8 da K5T8. Su kaɗai za ka taɓa. T3 ka bar shi yadda yake. Kuma ka lura, da jelar tana wani akwati dabam, a ce K6T5, to babu abin da za a soke ta wannan hanya, domin dole jela ta kasance akwati ɗaya da ɗayan kusurwoyin huɗu.

Yanzu ka mayar da duk 7 ɗin da ka goge. Idan ka riga ka cika wasu gurabe bayan sokewar, su ma ka goge su gaba ɗaya, kada ka ce za ka tsince masu kyau. Ba za ka iya rarrabe wanda ya dogara da kuskuren da wanda bai dogara ba.

Game da abin da za ka koya gaba. Mutane sukan ruga zuwa Swordfish saboda sunansa, wato layukan kwance uku da lambar ta taƙaita a layukan tsaye uku. Misali 5 a K1 tana T2 da T5, a K4 tana T5 da T9, a K8 tana T2 da T9. Layuka uku na buƙatar 5 guda uku, kuma layukan tsaye uku ne kawai za su ɗauke su, don haka 5 ta fita daga sauran guraben T2, T5 da T9. Ba dole kowane layi ya cika gurabe uku ba, biyu ma sun isa, muddin babu wanda ya fita daga ukun nan. Akwai na huɗu, ana kiransa Jellyfish. Na biyar ba a buƙatar nemansa, domin duk inda babba yake ta kwance, akwai ƙaraminsa ta tsaye da zai soke abu ɗaya.

Ni dai a ganina kada ka fara da Swordfish, ba ya yawan fitowa. Abin da ke fitowa kullum shi ne X-Wing da ya karkace, wanda ake kira Skyscraper, mu ce hasumiya biyu. Ɗauki lamba 4. A K2 tana T1 da T5 kawai. A K8 tana T1 da T6 kawai. Gindinsu ɗaya, T1, amma kawunansu sun saɓa. K2T1 da K8T1 ba za su zama 4 tare ba tunda layin tsaye ɗaya suke. Saboda haka aƙalla ɗaya daga cikin K2T5 da K8T6 dole 4 ce. Duk gurbin da ke ganin su biyun, wato yake layi ko akwati ɗaya da kowannensu, ya rasa 4: K1T6 da K3T6, saboda suna akwati ɗaya da K2T5 kuma layi ɗaya da K8T6, sai K7T5 da K9T5 ta ɗaya ɓangaren.

Haka yake idan layi ɗaya a kwance yake, ɗaya a tsaye. Lamba 6 a K1 tana T2 da T7, a T1 kuma tana K3 da K8. K1T2 da K3T1 duk suna akwati na 1, ba za su zama 6 tare ba. Ke nan ko K1T7 ko K8T1, kuma K8T7 da ke ganin su biyun ta rasa 6.

Idan ka duba da kyau, duk magana ɗaya ce. Akwai alaƙa mai ƙarfi: in wannan ba ita ba ce, to waccan ce, kamar lamba mai gurabe biyu kacal a layi. Akwai alaƙa mai rauni: in wannan ce, to waccan ba ita ba ce, kamar kowane gurabe biyu da ke ganin juna. Ƙarfi, rauni, ƙarfi, sannan ka duba wa ke ganin bakin farko da bakin ƙarshe. Alaƙa mai ƙarfi tana iya tsayawa a madadin mai rauni, amma mai rauni ba ta taɓa tsayawa a madadin mai ƙarfi. Abin da ya faru da kai a K6 ke nan: gurabe uku alaƙa ce mai rauni, ka ɗauke ta a matsayin mai ƙarfi.

'Yar Katsina:

Malam ya gama magana a kan bin lamba ɗaya, Allah ya ƙara basira. Ni zan taɓo ɗaya ɓangaren, ƙanena, wato gurabe masu 'yan takara biyu. Su ma alaƙa mai ƙarfi ce, sai dai a cikin gurbi ɗaya take: in ba wannan lambar ba, to waccan. Idan allo ya cije kuma ka ga irin waɗannan gurabe sun yi yawa, a nan gizo ke saƙar. Ka zagaye su da fensir a hankali don su fito maka.

Na farko XY-Wing. Gurabe uku ne, uwa da 'ya'ya biyu, lambobi uku a tsakaninsu. A ce uwa ita ce K4T4 mai 2 da 8. Ɗa na farko K6T5 mai 2 da 6, suna akwati na 5 tare da uwa. Ɗa na biyu K4T9 mai 8 da 6, suna K4 tare da uwa. In uwa ta zama 2, K6T5 ta zama 6. In uwa ta zama 8, K4T9 ta zama 6. Ko ta yaya ɗaya daga cikin 'ya'yan 6 ce. Sai ka soke 6 daga duk gurbin da ke ganin 'ya'yan biyu: K6T7, K6T8, K6T9, sannan K4T5 da K4T6. Mutane da yawa mahaɗar layi da layi kawai suke dubawa, su manta akwati ma gani ne, sai su bar riba a ƙasa.

Wurare biyu ake faɗuwa a nan. Ɗaya, uwa dole ta ga kowane ɗa, amma 'ya'yan ba sai sun ga juna ba. In duk ukun suna gida ɗaya, ai 'yan uku ne na fili, ba wannan dabarar ba. Biyu, idan uwar ma tana ɗauke da lambar da za a soke, a ce 2, 6 da 8, to ya zama XYZ-Wing, kuma gurbin da za ka taɓa dole ya ga duka ukun har da uwar, domin ita ma tana iya zama 6. Wanda ya yi amfani da ƙa'idar na farko a kan na biyu zai soke lambar gaskiya.

Akwai wata da nake ganin ta fi XY-Wing sauƙin hangowa, W-Wing. Nemi gurabe biyu masu 'yan takara iri ɗaya waɗanda ba sa ganin juna, misali K1T2 da K7T8, kowanne 4 da 9. Sai ka nemi layin da 9 ke da gurabe biyu kacal, ɗaya yana ganin na farko, ɗaya yana ganin na biyu. A ce K4 ne, 9 tana T2 da T8 kawai. In K4T2 ce 9, K1T2 ta zama 4. In K4T8 ce 9, K7T8 ta zama 4. Don haka K1T8 da K7T2 sun rasa 4. Ka lura da kyau: lambar da ta haɗa gadar ita ce 9, wadda ake sokewa ita ce ɗayar, 4. Ana yawan juya su.

Idan ka saba da waɗannan, sarƙa ba za ta ba ka tsoro ba, domin XY-Wing ce aka ƙara wa tsawo. K1T1 na da 5 da 2, K1T6 na da 2 da 8, K7T6 na da 8 da 4, K7T3 na da 4 da 5. Fara da cewa K1T1 ba 5 ba ce. To 2 ce. K1T6 ta zama 8, K7T6 ta zama 4, K7T3 ta zama 5. Ke nan ko bakin farko 5 ne, ko bakin ƙarshe. K7T1, K8T1 da K9T1 sun rasa 5, haka K1T3, K2T3 da K3T3. Kullum da "ba ita ba ce" ake fara sarƙa, a ƙare da "ita ce", kuma lambar farko da ta ƙarshe su zama ɗaya. Wanda ya fara da "ita ce" ba zai samu abin sokewa a ƙarshe ba sai dai in ya ci karo da saɓani.

Kada ka rubuta komai a allon yayin da kake bin sarƙa. Bi ta da bakin fensir, ko ka rubuta ta a gefen takarda. Abin da ka gani a tsakiyar sarƙa zato ne, sokewar ƙarshe ce kaɗai tabbas.

Sabon Shiga:

Na gode Malam, na gode Yaya, Allah ya saka da alheri. Na mayar da komai, na soke 7 daga K5T8 kawai tunda K4T8 a cike take. Yanzu ga wani abu: K7T4, K9T4 da K7T7 duk 4 da 6 ne, K9T7 kuma 4, 6 da 9. Na ji ana cewa irin wannan kai tsaye ake sa 9. Gaskiya ne, ko wata jelar ce?

Dattijon Allo:

Gaskiya ne yaro, amma da sharuɗɗa, kuma gara ka san a kan me ka tsaya kafin ka sa biro.

Ƙa'idar ita ce sudoku na ƙwarai amsa ɗaya tak yake da ita. Da K9T7 ta zama 4 ko 6, da guraben nan huɗu sun zama 4 da 6 zalla, kuma kana iya musanya su, 4 ta koma wurin 6, 6 ta koma wurin 4, ba tare da wani layi ko akwati ya ji a jikinsa ba. Amsa biyu ke nan. Tunda mai tsara allon ya yi alkawarin amsa ɗaya, wannan yanayin ba zai auku ba, don haka K9T7 9 ce.

Sharaɗin da ake mantawa shi ne guraben huɗu su kasance a layukan kwance biyu, layukan tsaye biyu, da akwatuna biyu kacal. Naka ya cika, domin K7T4 da K9T4 suna akwati na 8, K7T7 da K9T7 suna akwati na 9. Da sun bazu a akwatuna huɗu, musanyar za ta ɓata lissafin kowane akwati, ba za a samu amsa biyu ba, kuma dabarar ba ta aiki. Sannan kada ɗaya daga cikin huɗun ya zama lambar da aka bayar tun farko, domin ita ba ta musanyuwa.

Tana da 'yar'uwa da ke zuwa dab da ƙarshe. Idan duk guraben da suka rage masu 'yan takara biyu ne, sai guda ɗaya mai uku, duba layin wannan gurbin. Za ka ga kowace lamba ta fito sau biyu, sai ɗaya da ta fito sau uku. Wadda ta fito sau uku ita ce amsar gurbin. Amma ka tabbatar a layin kwance, layin tsaye da akwati duk haka ne, kuma 'yan takararka cikakku ne.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi kayar da mutane, ba rashin sanin dabara ba, rubutun fensir ne da bai cika ba. Kowane gurbi yana ganin gurabe 20. Duk lokacin da ka sa lamba, ka bi ashirin ɗin nan ka goge ta, layin kwance, layin tsaye, akwati, kafin ka ɗaga ido. Ɗan takarar da ya rage bisa mantuwa yana ɓoye maka dabara ne kawai. Wanda aka goge bisa kuskure kuwa yana ƙirƙiro alaƙa mai ƙarfi ta ƙarya, kuma duk abin da aka gina a kanta zai zube. Akwai salon rubutu da aka sani da sunan Thomas Snyder, Ba'amurken da ya ci gasar duniya, inda ba a rubuta lamba sai in gurabe biyu kacal take da su a akwati. Yana da sauri a farkon allo. Amma kada ka nemi XY-Wing da shi, domin gurbin da ka gani da lamba biyu a wannan salon yana iya samun wasu da ba a rubuta ba. Idan za ka shiga manyan dabaru, cika rubutun tukuna.

Maganar canki kuwa, allon da ke da amsa ɗaya hujja tana iya warware shi, sai dai hujjar na iya yin tsawon da kai ba zai riƙe ba. Irin allon AI Escargot da Arto Inkala, masanin lissafi ɗan ƙasar Finland, ya fitar a 2006, lambobi 23 aka bayar, amma duk abin da aka lissafa a sama ba ya buɗe shi. Kuma kada yawan lambobin farko ya ruɗe ka. A 2012 Gary McGuire na jami'ar University College Dublin da abokan aikinsa sun tabbatar da kwamfuta cewa ba a samun sudoku mai amsa ɗaya da ƙasa da lambobi 17, amma da yawa daga masu 17 ɗin da ƙananan dabaru ake gama su. Wuya tana cikin tsarin allon ne.

Idan ka kai bango, akwai hanyar da ba canki ba. Ɗauki gurbi mai 'yan takara biyu, bi na farko a gefen takarda, bi na biyu. In duka biyun sun kai ga abu ɗaya, a ce duk sun hana 3 zama a K5T2, to wannan tabbas ne. In ɗaya ya kai ga saɓani, ɗayan ne. Bambancinsa da canki shi ne ba ka rubuta a allo sai abin da hujja ta tabbatar.

Malamin Lissafi:

Baba, Allah ya ƙara girma, bayanin ya fita. Abu ɗaya zan ƙara a kan dabarar amsa ɗaya, kuma a nan na ɗan saɓa. Ita kaɗai ce a cikin duk abin da muka faɗa take dogara da amanar mai tsara allon. Akwai manhajojin waya da ƙananan littattafai da ke fitar da allo mai amsa fiye da ɗaya. A irin wannan allo, sa 9 a K9T7 na iya kai ka inda babu mafita, ka yi ta neman kuskuren da ba naka ba. In ba ka amince da inda allon ya fito ba, ajiye ta a ƙarshe.

Ɗan'uwa, kafin ka sa 9 ɗin, akwai aikin da ke gabanka. Duk sokewa ɗaya, koma kan ƙananan dabaru kafin ka nemi wata babba. Ka cire 7 daga K5T8, to duba akwati na 6: ina 7 ta rage? K6T8 da K6T9 suna nan. In akwai wata a T7 ko T9 ta K4 da K5, rubuta ta. Sannan duba ita K5T8 ɗin, in ta koma mai 'yan takara biyu, gwada ta a matsayin uwa kamar yadda 'yar'uwa ta nuna, ka bi K5, T8 da akwati na 6 ka nemi 'ya'yanta. Duba T8 ma, ko 7 ta koma gurabe biyu kacal a cikinsa, K2 da K6. In haka ne, ka samu sabuwar alaƙa mai ƙarfi: K2T3 zuwa K2T8, K2T8 zuwa K6T8. Kawo mana 'yan takarar K5 da na akwati na 6 gaba ɗaya mu duba tare.